Motar da Ta Ƙi Zuwa Biu

Mijin yayata, Malam Dzarma, bai taɓa yarda wani abu ya lalace a gidansa ba tare da izininsa ba. In rediyo ya yi shiru sai ya kwance shi a kan tabarma, ya zuba ƙusoshin a faranti, ya yi ta yi masa faɗa. Agogon bango ma haka. Wasu kayan sun tashi, wasu kuwa a kwali suka ƙare rayuwarsu. Ni Edith, ƙanwar matarsa ce, akwai wasa tsakaninmu, saboda haka abin da wasu ke gani su kau da kai ni a gabansa nake faɗa, shi kuma ya ce zai mayar da ni ƙauye in je in yi noman gyaɗa. Bai taɓa mayarwa ba. A gidansa na unguwar Wulari a Maiduguri na zauna tun da na fara koyarwa a firamare har na yi aure.

Ƙauyenmu ɗaya, can bayan Biu. Ya shigo Maiduguri yana saurayi da akwatin kwano, ya sami aikin akawu a wani ofishin gwamnati, ya zauna a kan kujera ɗaya har ta lotsa daidai jikinsa. Gajere ne mai ɗan tumbi, ba ya fita sai da biro a aljihun gaba ko da kifi za shi saya. A coci shi ke karanta sanarwa, kuma in yana karanta ranar sharar harabar coci sai ka ɗauka hukuncin kotu ne. Amma bai san mugunta ba. Duk ɗan ƙauyenmu da ya sauka a tasha bai san inda zai dosa ba, gidan Dzarma ake kwatanta masa, matarsa Yaya Rhoda ta ƙara wa miya ruwa.

Ita kuwa Yaya Rhoda, Allah ya yi ta da tsoron zubewar abu. Tun wata shekara da kwalbar man gyaɗa ta buɗe a cikin akwati a hanyar gida ta ɓata mata zannuwan Kirsimeti, ba ta sake yarda da murfi ba. A wajen maƙwabciyarmu Hajja Kellu, mai haɗa turaren wuta da humra, ta koyo dabara: a ninka leda a shimfiɗa a bakin kwalba, sannan a murɗa murfi a kai. Ko ƙamshi ba ya fita, balle mai. Daga nan duk abin da zai yi tafiya a gidan nan, in dai yana da baki, sai ya sha leda: man shanu, yaji, kananzir, har robar man shafawar 'yarsu Dorothy. In an dawo kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zare ledojinta, ta wanke ta shanya a igiya, don ita ba ta yar da abu.

A shekarun tamanin, lokacin da kowa ke kukan tsadar kaya, Dzarma ya shigo gida da mota. Fijo ce 404, wadda aka ce a da fara ce. Ya saye ta hannun wani mai fataucin shanu da ya gama cin ƙuruciyarta a hanyar Monguno. Ƙofar baya ɗaya sai an buɗe ta waje, ɗayar sai ta ciki, amma injin yana da murya mai daɗi, kuma a cikin gari ba ta taɓa kunyata shi ba. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa.

Ba don ofis ya saye ta ba, ko da yake haka yake faɗa. Don mahaifiyarsa ya saya, wadda duk muke kira Tsohuwa. Ita ta riƙe shi ita kaɗai bayan rasuwar ubansa, da ƙafa take kai dawa kasuwar Biu don ya zauna a makaranta, kuma in ban da bayan babbar mota ba ta taɓa shiga wata mota ba. Ya aika mata da saƙo ta bakin wani mai zuwa gida cewa Kirsimetin bana zai ɗauke ta daga ƙofar ɗakinta ya kai ta coci a cikin motarsa, a kujerar gaba. Tsohuwa ta tashi a taron zumuntar mata ta faɗa wa kowa. Ta kuma ware wani sabon zane ta ce ba za ta ɗaura shi ba sai ranar.

Jajiberin tafiya ya je ya cika tanki har wuya, ya dawo ya ajiye mota a tsakar gida. Da safe aka yi lodi, aka yi addu'a, muka kama hanyar Dambuwa muna rera waƙoƙin coci. Mun wuce Molai da ɗan nisa sai mota ta yi wani ɗan tari, irin na wanda ruwa ya sarƙe. Muka yi shiru. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga. Dzarma ya taka totur, ita kuwa sai ƙarfinta ke ta zurarewa, injin na tsallake bugu, abin da makanikai ke kira misin. Ya sauko giya ta uku, ya sauko ta biyu. Wani mai keke ɗauke da itace ya wuce mu, har ya yi mana sannu. A gindin wata tsamiya ta mutu.

Ya fito ya naɗe hannun riga ya ɗaga bonet. Yaya Rhoda ta matso tana leƙe.

“Maman Dorothy, ku je inuwa ku zauna,” in ji shi. “Wannan ba aikin mata ba ne.”

Muka je inuwa. Ya kwance fulogi ya goge ya mayar, ya taɓa wancan ya ƙwanƙwasa wannan. Bayan ta huta sai ta tashi lafiya lau, muka shiga muna murna. Ba mu yi nisa ba ta koma gidan jiya. Ya ce zafi ne, ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfon mai. Ta tashi, ta tafi kaɗan, ta mutu. Na ce masa ko ya duba mai, ya dube ni a wulaƙance ya ce da hannunsa ya cika tanki, ga allura can tana nuna cikakke, ko ina so in koya masa karatun allura ne? Da rana ta karkata ya ga in aka ci gaba a haka sai sabuwar shekara za mu isa, ya juya. Da tafiya da hutu da turi muka dawo Wulari. Yaya ta sauke kayanta ta sake ɗaure su, washegari muka hau motar haya.

A ƙauye Tsohuwa ta fito bakin hanya da rakiyar mata, ta ga ɗanta ya diro daga motar haya da akwati a ka. Ba ta ce komai ba sai sannu da hanya. Wanda ya yi magana shi ne Manasse tela, ɗan kawun Dzarma, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

“Yaya Dzarma, ina motar? Ko tana cikin akwatin ne?”

Bayan sabuwar shekara aka kai ta asibiti, wato garejin Ba Ajimi a Lamisula. Ba Ajimi dogon Bakanure ne mai hular da ba ta taɓa karkacewa ko yana ƙarƙashin mota, kuma sun san juna da Dzarma tun zamanin da Dzarma ke kawo masa babur. Akawu yake kiran Dzarma. Ba ya taɓa mota sai an gama gaisuwa tsaf, wushe da wushe, an tambayi gida da yara da zafi. Sannan ya ɗauko doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ya zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana sauraron yadda muryar inji ke faɗuwa, kowanne ya amsa. Ya ce, “Akawu, motar nan lafiyarta ƙalau. Ta fi ka lafiya.”

Dzarma ya rantse da duk abin da mai karanta sanarwa zai iya rantsewa da shi. Sai Ba Ajimi ya ce to, a yi mata tudu.

Wannan aikin a garejinsa kaɗai na taɓa ganinsa. Ba Ajimi ya yi imani mota ba ta nuna halinta sai a kan tudu, Maiduguri kuwa shimfiɗe take kamar tabarma, ko ƙwai ka ajiye a titi ba zai gangara ba. Tunda Allah bai ba Yerwa, wato Maiduguri, tudu ba, shi sai ya haɗa nasa da mutane. Ya leƙa majalisar mai shayi ya zaɓo masu ƙiba, ya cusa su a baya, ya ɗora buhunan yashi a but ɗin motar, ya nufi Galtimari inda rairayi ke kama taya, ya sa babbar giya ya taka. In akwai ciwo a inji, a nan zai fito. Ni ma an sa ni a cikin tudun, wai ina da amfani. Ban ji daɗin dalilin ba, amma na shiga. Mota ta ratsa rairayin nan da mu tana gurnani, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Mutanen majalisa suka sauka suna cewa in da wani gwajin gobe a neme su.

Duk da haka, don a kwantar wa Akawu hankali, Ba Ajimi ya sauya fulogi, ya sauya kontak, ya wanke kafireta, daga baya ya sa sabon koyil. Wata Asabar ma suka ɗauke ta su biyu suka wuce tsamiyar nan, suka kai har Dambuwa suka ci tsire suka dawo. Dzarma ya shigo gida yana fito. Ya sake aika wa Tsohuwa saƙo.

Kirsimeti ta biyu aka cika tanki, aka yi lodi, aka yi addu'a mai tsawo fiye da ta bara. Mun wuce Molai kowa ya riƙe numfashi. Tari, fizga, misin. Wallahi inuwar tsamiyar nan ce dai ta sake karɓar mu, har na gane tushen da na zauna a kai. Aka ce mata su je inuwa, muka je.

Da labari ya kai wa Ba Ajimi sai ya riƙe haɓa ya ce, “Na gane ciwonta. 'Yar Yerwa ce, ba ta son ƙasar duwatsu. Dambuwa don yawo za ta je, amma in ta ji an ce Biu sai ta kwanta.” Sunan ya bi ta, har yaran unguwa in sun gan ta sai su ce ga 'Yar Yerwa. Dzarma bai yi dariya ba. Ya ce kunnen Ba Ajimi ne ya tsufa. Ba Ajimi ya ce ƙafar Akawu ce ba ta san totur ba, ta saba da ƙarƙashin tebur. Suka yi wata da watanni suna gaisuwa sama-sama.

A wannan zuwan na biyu ne muka tarar yanar ido ta rufe wa Tsohuwa gani. Da murya ta gane ɗanta. Ta shafa fuskarsa, ta tambayi hanya, ba ta tambayi mota ba, kuma rashin tambayar ya fi ciwo. Manasse ya riga ya raɗa mata suna a ƙauye, wai motar labari, yana cewa mutanen birni in suka daɗe a ofis har mota sukan rubuta wa kansu. Matan zumunta na yi wa Tsohuwa tsiya a kan zanenta da ke tsufa a akwati, ita kuma amsarta ɗaya ce, ɗana ya ce yana da mota, yana da ita. Da yamma na zagaya bayan rumbu na ga Dzarma tsaye shi kaɗai, yana murza biro a hannu. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ina tsokanarsa a kan tumbi da sanarwa da komai, amma daga ranar ban ƙara taɓa maganar mota ba.

Shekara ta uku, bayan damina, wani ɗan gida ya sauka a wurinmu ya ce jikin Tsohuwa ya yi rauni, ko ƙofar gida sai an riƙe ta. Bai ƙara komai a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kowa ya san Kirsimeti nawa suka rage mata a lissafin ɗan Adam. Washegari Dzarma ya ajiye fushinsa ya tafi Lamisula, ni na raka shi don zan sayi zare.

Ba Ajimi ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, “Akawu, ga shawara. Akwai motar wani Alhaji a nan, irin taka ce sak, ya tafi Kano sai bayan biki. In roƙe shi ya ba ka aro. Tsohuwa ba ta gani, ina za ta bambance?”

“Ita ba za ta gani ba,” in ji Dzarma. “Ni fa? Motata na ce mata, Ba Ajimi.”

Ba Ajimi ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “To shi ke nan. Bana da ni za a tafi. Tana ɓoye min ciwonta a gareji, sai in bi ta inda take yin sa.”

Ranar tafiya ya iso da akwatin sifanu da buta da darduma, ya zauna a gaba ya kafa kunne kamar mai jiran a kira sunansa. Ni da Yaya da Dorothy muna baya cikin kwalabe masu leda. Babu wanda ya yi waƙa. Muka wuce Molai. Ta yi tarinta, ta fizga, ƙarfi ya zube. Maimakon ya damu, Ba Ajimi sai ya washe baki ya ce, “Yawwa! Lale, lale. Yau na gan ki.”

A gindin tsamiya aka ɗaga bonet, mu kuma ba sai an faɗa mana ba, muka nufi inuwa. Daga nan nake kallonsu. Ya zare waya ɗaya ya kusanta ta da ƙarfe, ya ce Akawu ya murɗa makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya ce wuta ba ta da laifi, a bar koyil ya huta da zargi. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa a rana, fari fat, busasshe.

“Yunwa take ji,” in ji shi. “Mai ba ya isowa.”

“Tanki cike yake! Ni na cika!”

“Na ji, Akawu. Mutum ma yakan kwana da yunwa da hatsi a rumbu in ƙofa ta ƙi buɗuwa. Murɗa.”

Ya cire tiyon da ke shiga kafireta, Dzarma ya murɗa, mai ya ɗigo kaɗan-kaɗan kamar ana roƙonsa. Ba Ajimi ya ce ko famfo ne ya gaji, ko datti ya toshe hanya daga tanki. Ya sunkuya ya zare tiyon da ke tahowa daga baya, ya toshe bakinsa da babban yatsa, sai na ga ya tsaya cak.

“Ikon Allah. Tsotson yatsana yake yi.” Ya ɗago. “Akawu, zagaya baya ka buɗe tanki ka sa kunne. Zan hura, in hanya a buɗe take za ka ji ƙululu.”

Bakin tankin motar nan a ɓoye yake bayan lamba, sai an sauke lambar ake ganinsa. Dzarma ya sauke, ya kama murfi, murfi ya ƙi. Ya sa hannu biyu ya murɗa da ƙarfi. Sai muka ji fuuu, iska ta ruga ciki, tanki ya yi ɓam kamar an saki gwangwanin da aka matse. Ya miƙe a hankali riƙe da murfi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma ledar burodi ce, ninki huɗu, an yanke ta da'ira daidai baki, aiki mai tsafta.

Daga inuwa Yaya Rhoda ta ɗaga murya. “Baban Dorothy, kada ka yar min da ledar nan! In kun gama ka mayar yadda take, in ba haka ba mai zai yi ta zuba a hanya.”

Ba Ajimi ya zagayo yana goge hannu, ya dubi leda, ya dubi murfi, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmarmu cikin ladabi.

“Madam, ke kika sa?”

“Ni na sa. In ya cika ta har wuya sai in ga mai yana tsattsafowa ta murfi, duk gida warin fetur. A tsaye ma ke nan, ina ga an shiga gargada?”

“Bara ma?”

“Duk tafiya. Da safe in na gama da kwalabe sai in yi mata nata.”

“In an dawo kuma?”

“In cire abata in wanke mana. A cikin gari me zai zubar da shi?”

Ba Ajimi ya juya murfin ya nuna mata wani ɗan rami da bai fi bakin allura ba. Ya ce, “Madam, in za ki zuba madarar gwangwani, huda nawa kike yi?”

“Biyu.”

“In kika toshe ɗaya fa?”

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta kasa rufewa. Yaya Rhoda ba ta san kafireta ba, amma ta san gwangwanin madara, kuma kafin Ba Ajimi ya ƙara kalma ta riga ta kai ƙarshen lissafin: tsamiya, motar haya, Manasse, zanen da ke cikin akwati, idon Tsohuwa da ya rufe a tsakanin Kirsimeti biyu. Ta ɗora hannu biyu a ka. Na ga hawaye na bin fuskarta babu sauti, nawa ma suka kawo.

Dzarma ya taho. Fuskarsa ta kumbura, na san sanarwar da ke tafe ba ta coci ba ce. Ni kuma raina ya riga ya ɓaci, na shirya masa. Shekara uku ana kora mu inuwa kamar awaki, an tambayi koyil, an tambayi kontak, an ɗebo ƙartin majalisa an zuba a mota, amma matar da ke yi wa motar nan lodi ba a taɓa ce mata me kika gani ba. In ya ɗaga mata murya, yau ko ƙauye zai mayar da ni sai na faɗa.

Ba Ajimi ya riga mu duka. Ya miƙe ya ɗauki butarsa ya ce lokacin salla ya yi, alhali rana ko tsaka ba ta kai ba. Yana wucewa ya ce, kamar da kansa yake magana, “Shekara biyu ina sauraron mota ta gaba, ban taɓa zagayawa bayanta ba. Akawu ya yi gaskiya, kunnen nan ya tsufa.” Ya kira Dorothy ta nuna masa inda zai sami ruwa, alhali butar cike take.

Dzarma ya tsaya a kan matarsa yana huci. Ta ce, “Baban Dorothy, ni na hana Tsohuwa...” Ya dubi ledar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta. Sai ya ninke ta a hankali yadda take ninkewa, ya sa a aljihun gaba bayan biro.

“Tashi mu tafi, Maman Dorothy. Rana na yi.” Ya juya, ya sake juyowa. “Koyil ne. Duk wanda ya tambaya, koyil ne. Edith, kin ji ko?”

Na ce na ji. Raina da ya tashi sai ya rasa inda zai sauka.

'Yar Yerwa ta tashi da murɗa ɗaya. Ta wuce Dambuwa ko waiwaye babu. Da muka fara hawan tudun Biu, tudu na gaske wanda ba a haɗa da masu shan shayi ba, Ba Ajimi ya leƙa da kai ta taga yana sauraro, ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin inji na hawa da nishaɗi haka ba, ashe 'yar ƙasar duwatsu ce aka yi mata ƙazafi. Da la'asar muka shiga ƙauye, yara na bin mu da gudu, Dzarma na danna hon fiye da yadda hanya ke buƙata.

Aka fito da Tsohuwa ana riƙe da ita. Ta ce a kai ta jikin motar. Ta ɗora tafin hannu a kan bonet mai ɗumi, ta bi shi da shafa har fitila, ta zagaya ta taɓa ƙofa, ta taɓa gilashi, ta ƙwanƙwasa rufi. Sannan ta ce da yarenmu, “Ina Manasse? Ku ce ya zo ya taɓa labari.” Manasse ya zo ya taɓa, ya ce ai shi dama wasa yake yi, ya tambayi me ya hana ta zuwa tuntuni. Dzarma ya ce koyil ne, ya kuma yi masa bayanin koyil har sai da Manasse ya tuna yana da ɗinki. A kan koyil ɗin nan ya tsaya har ƙarshen ransa. Ni ma ban buɗe baki ba sai da Yaya Rhoda da kanta, bayan ta tsufa, ta fara ba jikoki labarin tana dariya tana share ido.

Safiyar Kirsimeti Ba Ajimi ya yanka mana kaji don kowa ya ci, ya goge motar da hannunsa, ya ce shi zai jira mu a inuwa, yau layinsa ne. Tsohuwa ta fito cikin zanen nan, karin ninkinsa na shekara uku bai fita ba. Aka zaunar da ita a gaba. Daga ƙofarta zuwa coci ko tsohuwa da sanda ba ta gajiya, don haka Dzarma ya bi ta doguwar hanya, ta bayan makaranta da bakin rijiya, a giya ta ɗaya, matan zumunta na biye da mu suna guɗa. Tsohuwa ta riƙe gefen kujera da hannu ɗaya, ɗayan ta lalubo gwiwar ɗanta ta dafa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ni da Yaya muna baya, mun ji.

“Dzarma, bara waccan da na ga ka sauko daga motar haya, na ce a raina ƙila yaron nan ba shi da ita, kunya ce ta hana shi faɗa.”

Ya ci gaba da tuƙi, ita kuma ta ƙara da cewa:

“Da babu ita ma, haka zan yi ta ce musu kana da ita har in mutu.”

Motar ta rage gudu, ta gangara gefen hanya ta tsaya, saura kaɗan a kai ƙofar coci. Masu guɗa suka yi cirko-cirko. Manasse ya leƙo ta taga ya ce, “Koyil ɗin ne kuma?”

Dzarma ya kifa goshi a kan sitiyari ya ce a ɗan ba shi lokaci, inji yake saurare. Injin kuwa yana ta aikinsa lafiya lau, ko tari babu. Yaya Rhoda ta kwance bakin gyalenta ta miƙa masa ta kan kafaɗa, Tsohuwa kuma ba ta ɗauke hannunta daga gwiwarsa ba.